Rabin Kuyya

Duk wanda ya taɓa kai keke gyara a bakin tashar Tambuwal ya san Haliru, ko da bai san sunansa na yanka ba. Dogon mutum ne siriri, ya haura hamsin, gemunsa ya fara furfura, kullum yana zaune kan wani tsohon benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da kwanon ruwan faci a gabansa. Ba shi da faɗa, ba ya ha'inci, in ya ce tayarka ta mutu to ta mutu. Amma ka tambayi 'yan tasha ina Haliru, sai su tsaya suna kallonka. Ka ce Rabin Kuyya, yanzun nan a nuna maka bencinsa.

Kuyya ita ce abin da mutanen Kano ke kira kunyar gona, wato layin huɗa. A bakin mutanen nan kuyya daban, kumya ta jin nauyi daban, ba mai haɗa su. Sunan kuwa ya samo shi ne tun yana saurayi, ranar da ya kai gayya gonar mahaifin Hinde a Sanyinna, lokacin yana neman aurenta. An yi fura ta kirki, makaɗa sun zo, 'yan mata sun jeru a bakin gona. Haliru ya sha fura har ta zo masa wuya, ya ɗauki galma, ya hango Hinde cikin 'yan mata, sai ƙuruciya ta ɗebe shi. Ya fita da ƙarfi kamar an sako ɗan maraƙi, ya bar samari a baya, makaɗa suka juya kiɗa kansa. Yana kaiwa tsakiyar gona ciki ya murɗa, ido ya rufe, ya zube kan huɗar da ya yi.

Al'adar gayya a wurinsu ita ce, wanda ya kai ƙarshen kuyyarsa ba ya zama. Sai ya dubi wanda aka bari a baya, ya shiga kuyyarsa ta ɗaya bakin, ya nomo yana tunkararsa har galma ta haɗu da galma, sannan ya ce masa, "Ɗaga kai, ɗan'uwa, ta ƙare." Wannan shi ake kira tarbe. Ranar nan samari suka tarbe kuyyar Haliru yana kwance a inuwa ana yi masa fifita. Taubashinsa Atu, wanda bakinsa bai taɓa gajiya ba tun da aka haife shi, ya tsaya kansa ya ce, "Ku ba shi iska, jama'a! Rabin Kuyya na, ya yi iyakar tashi." Aka kwashe da dariya. Uban Hinde bai hana shi aure ba, dattijon kirki ne. Sunan dai ya zauna daram.

Da a ce abin ya tsaya a gona, da an manta. To amma duniya ta riƙa ba Atu gaskiya. Haliru ya shiga makarantar horon malamai, yana tsakiya mahaifinsa ya rasu, ya dawo riƙon gida. Ya fara koyon ɗinki, maigidan ya tashi ya koma Jega. Ya tayar da ginin shago a ƙofar gida, gini ya kai taga ya tsaya, har awaki suka mayar da shi makwanci. Kowanne da dalilinsa, kuma dalili mai ƙarfi, amma wa ke tambayar dalili? A gayya kuwa tun daga ranar nan ya zama mai tsoron saurin farko, yana noma a hankali, kullum shi ake tarba. Ya ji "Ɗaga kai, ɗan'uwa" har ya gaji da ji, shi kuwa bai taɓa samun wanda zai faɗa wa ba. Yakan yi godiya, yakan yi murmushi. Abin yana cinsa a rai ƙwarai, bai dai gaya wa kowa ba, ko Hinde.

Gudu kuwa ba sha'awa ce ta kai shi ba, ciwo ne. Ya fara ramewa, ga ƙishirwa ba dare ba rana, aka auna shi a asibiti aka ce suga ne. Ma'aikaciyar ta ba shi magani, ta ce ya rage tuwo, ya kuma riƙa tafiyar ƙasa kowace safiya har ya yi gumi. Ya fara fita bayan sallar asuba ta hanyar gonaki. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu, shi kansa bai san ranar da hakan ta faru ba. Ya dai ji jikinsa yana so.

To, a ƙasar nan banza ba ta kai zomo kasuwa, mai furfura kuma ba ya gudu sai da abin da ya koro shi. Safiyar farko da ya ratsa wani ƙauye a guje, wata tsohuwa da ta ɗauko itace ta hango shi, ta yar da itacen, ta tattare zane ta bi bayansa tana salati. Sai da suka yi nisa ta samu numfashin cewa, "Ɗan nan, mi na? Mi yab biyo mu?" Ya ce, "Inna, ba komi, likita ta ce in yi." Ta tsaya ta dafe ƙirji, ta zazzage masa faɗan da bai taɓa ji ba tun rasuwar kakarsa. Dole ya koma ya ɗauko mata itacen har gida.

A irin wannan fita ya haɗu da Malam Armaya'u, malamin wasanni a wata sakandare, da ƙungiyarsa ta masu gudun safe: malamai ne da akawuna da wani ma'aikacin lafiya. Suka ga dattijo da dogon wando da silifas yana bin sawunsu bai gaza ba. Ba su yi masa dariya ba, abin da ya fara ba shi mamaki ke nan. Malam Armaya'u ya kawo masa takalmin kambas, ya koya masa ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama shi, ya ce, "Baba Haliru, ƙafa gare ka, saura haƙuri." Gajeren wando ne dai ya ce ko a mafarki, gwiwarsa ba abin kallon gari ba ce.

Su ne suka shirya gudun yada-ƙanin-wani bayan an kawar da amfanin gona. Ba na kan kwalta ba: za a tashi daga Dogon Daji, a ratso Tambuwal, a bi turbar shanu da hanyoyin gona da fadama har Kebbe, tafiyar da ta haura kilomita sittin. Ka'ida ɗaya ce, a tashi bayan asuba, wanda kiran magariba ya riske shi a hanya ba a lissafa shi. Haliru ya ce shi ɗan kallo ne. Ya san kansa, ya kuma san bakin Atu.

Ana cikin haka 'yarsa Kamila ta dawo daga Sakkwato da akwatinta, ba lokacin hutu ba. Tana makarantar koyon aikin jinya, ita ce ta farko a gidan da ta yi nisa haka, kuma ta faɗi wata jarrabawa. Ta ce ta gama, ba ta komawa. Da yamma Haliru yana alwala a bayan danga ya ji Hinde tana ta fama da ita, da lallashi da faɗa. Sai ya ji Kamila ta yi wata 'yar dariya marar daɗi ta ce, "Inna, ki bar ni hakanan. Ni ɗiyar Rabin Kuyya ta, gado na. Can makaranta ma ba su iya faɗi nai ba, Rabin Kunya suka ce, har tambayata suka yi wa ya cinye sauran."

Ruwan butar ya ƙare a ƙasa bai wanke ƙafa ba. Shekara da shekaru yana ɗauke da sunan nan, yana ganin nasa ne shi kaɗai, in ya mutu a binne su tare. Ashe sunan ya tsallaka ya hau kan 'yarsa, har tana jingina da shi ta ajiye karatu. Wannan ya yi masa ciwo fiye da duk dariyar da aka taɓa yi masa. Bai shiga ya yi mata faɗa ba, da wane bakin? Washegari ya samu Malam Armaya'u ya ce, "Malam, gudun ga, a sa da ni." Ba na ɗaya yake nema ba, ba kuma na goma ba. So yake ya shiga Kebbe da ƙafarsa kafin ladan ya buɗe baki, ba wanda ya ɗauke shi, don yarinyar nan ta rasa abin jingina.

Ranar gudu mutane suka taru a Dogon Daji, daga Sakkwato, daga Jega, daga ƙauyuka. Tun a gida Hinde ta cusa masa dabino a aljihu saboda sugan, ta ce, "Malam, in ka ji jiri ka ci, kar ka yi man taurin kai." An sa masu babura su riƙa bin baya suna kwasar waɗanda suka gaza, kuma don Allah ya jarrabi bawansa, Atu yana cikinsu. Ya zo ya dafa kujerar babur ɗinsa ya ce, "Taubashi, na share ma wuri. Har matashi na aza."

Aka busa usur, samari suka fita kamar an kore su. Ƙafafun Haliru suka yi ta ƙaiƙayi, zuciya tana ce masa bi su, ai ka fi wasunsu. Ya tuna furar Sanyinna, ya danne. Ya bar kowa ya wuce, ya kama ɗan gudunsa na safe, wanda mutum zai iya gaisawa a cikinsa. Hantsi ya same shi a Tambuwal, 'yan tasha suka fito suna ihu, "Rabin Kuyya! Ina zuwa?" Ya ɗaga musu hannu. Daga nan hanya ta bar gari ta shiga karan dawa da aka girbe, ta gangara fadama inda masu albasa ke ban ruwa, ta hau wani jigawa mai yashi da ke cinye sawu. A wasu ƙauyuka an ajiye randa da kankana a inuwa, mata suna leƙe ta kan katanga. Ya fara wuce samarin ɗazu ɗai-ɗai, wani zaune ya cire takalmi, wani a bayan babur ya sunkuyar da kai.

Inda aka kafa jan ƙyalle alamar rabin hanya, nan ya tarar da Atu ya kashe babur yana jiransa, ya harɗe ƙafa. "To, alhamdu lillahi, mun iso gida," in ji Atu. "Ga rabi nan, hau mu tafi, ka cika sunanka." Haliru ya sha ruwa, ya zuba saura a ka, ya dubi ƙyallen, ya wuce. Atu ya bi shi da kallo. Ya buɗe baki zai ƙara wata, sai ya fasa, ya tayar da babur ya biyo shi a hankali daga nesa.

Wajen azahar Haliru ya iske wani mutum ƙarƙashin tsamiya yana murza ƙwauri, jijiya ta ɗaure masa. Kakkaura ne, ba yaro ba, ya ce sunansa Almu, manomi ne daga Fakku. Haliru ya miƙe masa ƙafar kamar yadda Malam Armaya'u ya koya masa, ya raba dabinonsa biyu, suka yi sallah tare, suka tashi tare. Sun yi tafiya mai tsawo kafaɗa da kafaɗa, ba doguwar hira, sai dai wannan ya ce "rami" wancan ya kauce. Can jijiyar ta sake kama Almu. Atu ya matso da babur, Almu ya daka masa harara ya ce ko gawarsa ba ta hawa. Ya dubi Haliru ya ce, "Tafi, Malam, rana ba ta jiran mu biyu. Ina nan tafe." Haliru ya dubi rana, ya tafi, ransa ba daɗi.

Bayan la'asar jiki ya ce bai san zancen ba. Cinyoyi suka yi nauyi, farcen babban yatsa ya ɗaye a cikin kambas, kowane taku sai ya ji shi har ƙeya. Gudu ya koma sassarfa, sassarfa ta koma jan ƙafa. Ya ci dabino na ƙarshe. Inuwarsa ta yi tsawo a gefensa, Kebbe kuwa ko hasumiyar masallaci bai hango ba. Bai yi tunanin tsayawa ba, tsoro dai ya kama shi sosai, kada jikin ya yanke hukunci ba da shawararsa ba, kamar wancan karon.

Sai ya hango mutane suna tahowa daga gaba, su da yawa, wasu suna ɗingishi. Da suka matso ya gane su: Malam Armaya'u ne da waɗanda suka riga suka kai, har da baƙin Sakkwato, sun juyo. Gabansa ya faɗi. Ya san wannan tahowar, ya sha ganinta daga ɗaya bakin kuyya. Tarbe ne. Sun zo su kama shi, su ɗora shi kan babur ko su rataya hannuwansa a wuyansu, a ce da shi sannu, ya yi ƙoƙari. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a tasha ba ya tsaya tsakiyar hanya ya daka tsawa.

"Ku koma! Wallahi wanda duk yat taɓa ni ban yafe mai ba! Ban son tarbe, ku bar man kuyyata!"

Baƙin suka tsaya cirko-cirko, ba su san me ake nufi ba. Malam Armaya'u ɗan manoma ne, ya gane nan take. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama don Haliru ya ga ba abin da zai kama, ya ce, "Baba Haliru, kwantar da hankalinka. Wagga kuyya ba ta tarbuwa. Ko mun so, ba mai iya taka maka taku guda. Mu dai mun ƙare tamu, kuma ka san ba a zama. Rakiya munka zo."

Suka buɗe masa hanya ya shige tsakiya, suka juya suka jeru, wasu a gefe, wasu a baya, ba wanda ya wuce gabansa, ba wanda ya taɓa ko rigarsa. Mutanen da suka yi wuni suna gudu, ƙafafunsu duk ƙuraje, suka daidaita takunsu da nasa. Wani ya riƙa miƙo ruwa. Can sai aka ji kiɗa daga baya: Atu ne ya ba wani babur ɗinsa, ya ɗauki jarkar da ruwanta ya ƙare yana buga mata kiɗan noma da tafin hannu, irin na gayyar da. Yana bugawa yana kirari da muryarsa mai kama da ta agwagwa, "Na Hinde, taka! Dogo taubashina, taka, ba a gama ba!" Haliru ya ji dariya da kuka sun taso masa tare. Ƙafar da ta mutu ta ɗan farfaɗo, ya koma sassarfa, duk taron ya koma sassarfa.

Rana ta yi ja lokacin da suka shiga Kebbe. A filin makarantar da aka ɗaura igiya, masu rakiya suka tsaya daga baya, suka bar shi ya ƙarasa shi kaɗai. Ya taɓa igiyar da ƙirjinsa, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Ladan bai kira ba tukuna. Da ya ɗago, Hinde ce tsaye tana share ido da bakin mayafi, ga Kamila kusa da ita riƙe da buta. Ashe Atu ne ya sa su a motar kasuwa tun da hantsi, bai gaya wa kowa ba. Aka zaunar da shi kan benci, aka cire masa kambas, Kamila ta durƙusa tana wanke masa yatsan da ya fashe. Hannunta ya iya aikin, ya lura da wannan. Ba ta dube shi ba.

Yana nan zaune ya ji wani mai babur yana gaya wa Malam Armaya'u cewa saura mutum ɗaya a hanya, na Fakku, ya ƙi hawa, yana nan bayan gari yana jan ƙafa. Masu gudun suka dubi juna, duk sun zube a ƙasa, rakiyar Haliru ta ƙarasa su. Kafin wani ya yunƙura, Haliru ya jawo silifas ɗin Atu ya zura, ya dafa benci ya miƙe.

Hinde ta ce, "Malam, ina kuma za ka da wagga ƙafa?"

Ya ce, "Na ƙare tawa. Ba a zama."

Ya kama hanyar da ya fito yana ɗingishi. Malam Armaya'u da wasu suka tashi suka bi shi, amma wadda ta fara cim masa Kamila ce, da butarta. Suka yi ɗan nisa. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, idonta a kan hanya, "Baba, jarrabawar nan, an ce ana sake ta bayan hutu."

Ya ce, "To."

Suka ci gaba da tafiya. A bayan gari, wajen wata kuka, suka hango Almu tafe, ya karyo karan dawa yana dogarawa, kansa a sunkuye, yana kallon ƙafafunsa kawai. Haliru ya ƙarasa gabansa, ya juya ya tsaya a gefensa kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa shi ba. Maganar da aka yi ta faɗa masa tun yana saurayi ta zo bakinsa, ya gyara mata ƙarshe.

"Ɗaga kai, ɗan'uwa," in ji shi. "Ga gari nan."